Da me ake gane tangaran ɗin da aka gina da hannu?

Ummu Hafsa:
Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da na fara tara kwanuka da butoci na tangaran mai taurin dutse, irin waɗanda magina ke yi ɗaya bayan ɗaya a ɗakunan aikinsu. Kwanan nan na sayi wani kwano ruwan ƙasa da aka ce mini aikin hannu ne, amma da na wanke shi sai na lura da wani siririn layi da ya ratsa gefensa daga baki har gindi, kuma tun lokacin zuciyata ba ta kwanta ba. Don Allah a taimaka mini da bayani.

Abu Yasir:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Wannan layin galibi alamar zubi ce (zuba yumɓu a cikin mazubi maimakon gina shi da hannu), wato wurin da ɓangarori biyu na mazubi suka haɗu. Wasu ƙwararrun magina ma suna yin zubi, amma haƙƙin mai sayarwa ne ya faɗa miki. Ki kifa kwanon ki duba gindinsa, domin a nan gaskiyar take. Wanda aka gina a kan faifan juyi (faifan da magini ke juyawa yana siffanta yumɓu da hannu) yakan nuna zoben yatsu daga ciki, a gindi kuma wani lokaci za ki ga sawun zaren da aka yanko shi da shi. Akan bar ƙafar, wato inda kwanon ke zama a kai, ba ruwan sheƙi (ruwan da ake shafawa don kwano ya yi ƙyalli) don kada ta manne a cikin tanda, saboda haka za ki ga ainihin launin yumɓun. Sannan ki ƙwanƙwasa bakinsa da farce. Irin wannan tangaran ana gasa shi ne a zafin digiri 1200 zuwa 1300 na ma'aunin Celsius, har yumɓun ya daina shan ruwa, don haka lafiyayye yakan yi amo garau, mai tsaga kuwa amonsa a dushe yake.

Goggo Mai Tulu:
'Yar'uwa, ki kuma koyi karanta hatimi. A wurin aikin da magina Bernard Leach na Ingila da Shoji Hamada na Japan suka kafa a St Ives ta Ingila a 1920, akan buga hatimin wurin, magini ya ƙara nasa a gefe. Almajirin Leach, Michael Cardew, ya kai wannan tsari cibiyar koyar da ginin tukwane ta tsohuwar Abuja (Suleja ta yanzu), inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, kuma ayyukanta na ɗauke da haruffan LK tare da hatimin cibiyar. Sai dai kada ki raina abin da ba shi da hatimi, domin Hamada da kansa bai cika sa hannu a tukwanensa ba.

Ni dai abin da ya fi mini daɗi shi ne saye daga hannun magini mai rai. Ina da wani ƙaramin littafi da nake rubuta sunansa, da shekarar gashi, da irin tokar da ya haɗa ruwan sheƙin da ita, sannan in manna lamba a gindin kowane kwano.

Ummu Hafsa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na kifa shi yanzu, gindin sumul yake, babu zobe ko ɗaya a ciki. Gobe insha Allah zan koma wurin mai sayarwar in tambayi sunan maginin.