Ƙurar hunturu da ɗanyen fenti: abin da masu zanen duwatsun Jos suka gani

Mai koyo, Anguwar Rogo

Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka riga ni fara zane da fentin mai su ba ni labarin yadda suke yi idan sun fita zanen duwatsu a lokacin hunturu, domin abin da na gani a wajen Lamingo cikin watan Disamba ya ɗaure mini kai. Na kafa allona da hantsi ina fuskantar duwatsun Shere, na shimfiɗa sararin sama da fenti mai kauri, amma kafin in gama dutsen farko iska ta taso, ƙura da ɓurɓushin busasshiyar ciyawa suka manne a ɗanyen fentin har fuskar zanen ta koma kamar samfefa. Da na sa tsumma domin in goge, sai launin ya biyo tsumman. Damuwata ta biyu ita ce littafin da nake koyo da shi ya ce duk abin da ya yi nisa a sa masa shuɗi, alhali Shere da na gani a ranar babu ko ɗigon shuɗi a jikinsa.

Malamar zane, Rayfield

Wa alaikumus salam, ƙanena. Duk wanda ya fita da fentin mai a Filato tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya gamu da abin da ka gamu da shi. Tushen matsalar shi ne fentin mai ba ya bushewa irin yadda fentin ruwa yake bushewa. Man linsid da ke cikinsa yana shan iska ne a hankali har ya daskare, saboda haka bushewar iskar hunturu, wadda take tsotse wankin safe kafin azahar, ba ta taimake ka da komai ba, sanyin Jos kuma ƙara jinkirta daskarewar yake yi. Shafi mai kauri yana iya wuce mako guda yana kama duk abin da ya sauka a kansa.

Abin da nake yi shi ne, shafin farko ina tsinka shi da tafentin sosai, ba na ƙara masa mai ko kaɗan, kuma launin ƙasa nake amfani da shi, musamman amba, wato ruwan ƙasa mai duhu, domin yana cikin launukan da suka fi saurin bushewa. Tafentin ɗin yana tashi cikin 'yan mintuna, sai allon ya daina danƙo, ƙura ta rasa wurin kamawa. Sararin sama, wanda yake cin farin fenti da yawa kuma farin titaniyam yana da jinkirin bushewa, shi nake barin ƙarshe, ina gamawa in jefa allon cikin akwati. Idan kuma ƙura ta riga ta hau, ba na taɓa shi sai ya bushe, sannan in bi da bakin wuƙar fenti in ɗauke ciyayin ɗaya bayan ɗaya. Ka'idar da ba na saɓawa ita ce kowane shafi na sama ya fi na ƙasansa mai, domin idan aka juya tsarin, na sama ya bushe kafin na ƙasa, bayan wani lokaci zanen ya tsattsage.

Tsohon mai fentin manyan motoci, Bukuru

Malama ta faɗi gaskiya, sai dai ina da abin ƙarawa daga wajen mu da muka yi rayuwa muna zana zakuna da dabino a bayan manyan motoci a buɗaɗɗen fili, inda babu akwatin da zai ɗauki aikinmu. Da na tsufa na koma zanen duwatsun Riyom a kan ƙananan alluna, dabarun gareji ne suka yi mini rana. Kafin in kafa allo ina yayyafa ruwa a ƙasa kewaye da inda zan tsaya, domin galibin abin da yake ɓata aiki daga ƙarƙashin ƙafarka yake tashi, da ƙafafun yaran da za su taru suna kallo. Ina juya allon ya ba iska baya, in kuma ɗan sunkuyar da shi gaba, yadda abin da ya faɗo daga sama zai wuce ba tare da ya sauka a kansa ba. Ina farawa da an idar da sallar asuba gari ya waye, lokacin iska tana kwance, in tattara kayana da rana ta ɗaga.

Kyanbas kuma na daina fita da shi, domin iskar Filato tana ɗaukarsa ta kifa shi a ƙasa. Silin bod nake saya a Kasuwar Katako, kafinta ya yayyanka mini, in shafa masa farin share fage har ya daina shan mai. Ɗana, kada ka raina ƙaramin allo. Da kananzir nake tsinka fentina tun ina saurayi, ban kuma ga laifinsa ba.

Malamar zane, Rayfield

Baba, Allah ya ƙara girma, batun yayyafa ruwa ban taɓa jin sa ba, kuma zan gwada. Amma kananzir, da izininka, a bar shi wajen wanke burushi. Fentin jikin mota dabam ne da wanda yake cikin bututu, kananzir kuma ba ya tashi tsaf kamar tafentin, yana barin maiƙo da yake hana shafi kamawa. Na taɓa karɓar zanen wata ɗaliba da ta tsinka da shi, ya daɗe ƙwarai yana danƙo a yatsa.

Ma'aikaci a Abuja, ɗan Gangare

Ni batun launi zan ɗauka, domin a ganina shi ne ya fi nauyi cikin tambayoyin biyu. Littafinka bai yi ƙarya ba, ɗan'uwa, a sararin wata ƙasa aka rubuta shi. Idan iska tana da tsabta, hasken da yake warwatsuwa tsakaninka da dutse mai nisa shuɗi ne, shi ya sa a watan Satumba, bayan ruwa ya wanke sama, Shere yake yin shuɗi-shuɗi daga cikin gari. Hazon hunturu kuwa ƙurar Sahara ce, yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ƙwayoyinta kuma suna da girman da suke warwatsa duk launukan haske kusan daidai, saboda haka abin da ya yi nisa fari-fari yake komawa, da ɗan ruwan ƙasa a ciki. A Abuja akwai safiyar da nake bi ta hanyar Kaduna in ga Dutsen Zuma, duk girmansa, ya zama inuwa kawai, gindinsa ya ɓace, samansa yana rataye.

Lokacin da nake karatun zane a Zariya na fara lura cewa a irin wannan rana ba na buƙatar launuka da yawa. Fari, da rawayan ƙasa, da jan ƙasa, da ɗan shuɗin altiramarin sun ishe ni. Ina haɗa launin hazon tukuna, tuli guda a tsakiyar allon gauraya, wato fari mai yawa da ɗan rawayan ƙasa da ɗigon shuɗi domin ya kashe kaifinsa, sannan duk launin da zan sa wa dutse sai na ɗebo daga tulin na zuba masa gwargwadon nisansa. Dutsen da yake gabana kaɗan yake samu, na bayansa ya sami ninki, na can ƙarshe kuwa kusan hazon ne zalla, bambancinsa da sararin sama bai wuce a ce akwai ba. Wurin da masu koyo suka fi wahala shi ne hannu yana so ya sa baƙi a tsagar dutse mai nisa saboda zuciya ta san tsagar tana da duhu, alhali ido bai ga duhun ba. Ka kanne idanu ka kwatanta inuwar dutsen nesa da inuwar ƙeranar da take shingen gonar gabanka, za ka ga tazarar da ke tsakaninsu. Tsayin Shere ya kai mita 1,829, Jos kanta tana sama da mita 1,200, amma a hunturu ba tsayin ba ne yake nuna girman dutsen, yadda yake narkewa cikin hazo ne.

Wani mai zane na Ingila, John Constable, a shekarun 1821 da 1822 ya riƙa zana gajimare da fentin mai a kan takarda, yana rubuta rana da lokaci da inda iska take kaɗawa a bayan kowace. Na ɗauki wannan ɗabi'a, kuma yanzu idan na jera ƙananan allunana na Disamba da na Agusta, na dutse guda, mutane ba sa yarda wuri ɗaya ne.

Hajiya, Bauchi Road

Ni bayan na yi ritaya na fara, kuma ƙirjina ba ya ɗaukar ƙura, saboda haka a cikin mota nake zama, ɗana ya ajiye ni a bakin ɗaya daga cikin kududdufan da haƙar kuza ta bari a wajen Rayfield, in ɗora allon a cinya, in sauke gilashin ɓangaren da iska ba ta bugowa saboda warin tafentin. Ruwan kududdufin a hunturu launin hazo yake ɗauka, sai tudun jar ƙasar da ke gefensa da itatuwan turare su fito sosai, kuma haɗin da ɗan Gangare ya bayyana shi ne ya fitar mini da ruwan. Abin da zan ƙara shi ne ladabi. Idan wurin yana kusa da gidaje ko gonaki, ina fara aikawa a gaida mai unguwa a faɗa masa abin da ya kawo mu, domin baƙon da ya tsaya yana ƙare wa gari kallo yana rubuce-rubuce dole a tambaye shi, kuma tambayar tana kan hanya.

Mai ɗaukar hoto, Farar Gada

Ina ganin kuna wahalar da kanku. Ni ina ɗaukar hoton wurin da waya, in koma ɗaki in rufe taga in yi zanena babu ƙura ko ɗaya.

Ma'aikaci a Abuja, ɗan Gangare

Yaya, hoton yana da amfani wajen riƙe siffar duwatsu, ni ma ina ɗauka. Sai dai waya tana gyara hoto da kanta, tana ƙara duhun inuwa tana kaifafa abin da ya dushe, wato tana cire hazon da muka fita nema. Na taɓa ajiye hoton waya kusa da ƙaramin allon da na yi a wuri ɗaya kuma lokaci ɗaya, a hoton dutsen ya matso kusa ya yi nauyi, a allon kuma yana can inda ido ya gan shi. Shi ya sa nake yin ƙaramin a fili domin launi, in yi babban a ɗaki ina duban su biyun.

Mai koyo, Anguwar Rogo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Zanen Lamingo ya bushe, na bi shi da wuƙa kamar yadda Malama ta ce, ciyayin sun fita, amma ƙurar da ta shiga sararin saman ta zauna, kuma ta ba shi launin da ya fi kusa da abin da na gani fiye da shuɗin da na sa. Malama, akwatin da kika ambata nake so in kai wa kafinta, ko za ki bayyana yadda aka ƙera shi?

Malamar zane, Rayfield

Akwatin filawud ne mai murfi a sama, a yi shi daidai faɗin allunanka, saboda haka ka fara yanka allunan duka girma ɗaya kafin ka je. A jikin bangonsa biyu na ciki kafinta zai manna siraran katakai a tsaye, yadda kowane allo zai zura cikin layinsa, a bar tazarar kamar yatsa ɗaya tsakanin allo da allo domin kada ɗanyen fenti ya taɓa bayan na kusa da shi. Ka ce ya huda ƙananan ramuka a gefe ya rufe su da yadi mai laushi, domin fentin yana buƙatar iska kafin ya daskare. Idan ka isa gida ka fito da allunan ka jingina su suna fuskantar bango, a ɗakin da haske yake shiga, kuma kada ka shafa musu banish sai sun yi aƙalla wata shida.