Ƙidayar kayan shago da littafin bashi: kullum "sai gobe"

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum. Ina da shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari, kanta 14 da ɗan sito a baya. Lokacin fitar da zakka ya matso, ban ƙidaya kaya ba, littafin bashi kuma ya cakuɗe. Kullum da niyya nake buɗe shago, amma da na ɗaga kai na kalli kantocin sai jikina ya mutu, in ce bari kasuwa ta lafa. Yaya zan karya wannan jan ƙafar kafin wankin hula ya kai ni dare?

Tsohon Akanta:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da kake kira aiki ɗaya ayyuka huɗu ne ka ɗaure wuri guda: ƙirga kaya, sa musu farashi, tsaftace littafin bashi, sai kiran waɗanda kake bi. Duk wanda ya kalle su a dunƙule dole gabansa ya faɗi.

Gobe kanta ɗaya kawai za ka ƙirga, ka duba agogo lokacin farawa da lokacin gamawa. A ce ta ci minti 20. To kanta 14 awa huɗu ne da minti 40, wato awa ɗaya-ɗaya na kwana biyar. Kafin ka auna, zuciya ce take ba ka lissafi, ita kuwa kullum mako biyu take cewa.

Ku zama ku biyu, yaron shago yana kira kana rubutawa. Ja layi uku a takarda: irin kaya, adadi, lambar kanta. Atamfa da turmi, shadda da bandir ko yadi. Gurbin farashi ka bar shi fili tukuna, domin nan ne ƙidaya ke mutuwa: ka tsaya tunanin nawa ka sayi wannan dilar, ka ɗauko waya ka kira wanda ya sayar maka, hira ta ɓarke, ga Azahar ta yi. Farashi aikin zama ne a gida da daddare, da takardar a gabanka.

Abu biyu ke ɓata lissafi. Na farko ƙirga kaya sau biyu, don haka duk kantar da ka gama ka manna mata takarda da kwanan wata, abin da aka sayar daga cikinta bayan nan a rubuta shi a takarda daban, a cire a ƙarshe. Na biyu guntayen yadi. Kada ka tsaya auna su a tsakiyar aiki, tara su a kwali ɗaya, ranar ƙarshe a bi su da tef. Kuma ba ranar gyaran jeri ba ce. Yadda ka tarar da kanta haka za ka ƙirge ta.

Malama Mai Alli:
Baba Akanta ya gama magana kan ƙidaya. Ni dai Alhaji ina zargin ba kantocin kake gudu ba. Masu nazarin halayyar ɗan'adam sun daɗe suna cewa ɗage aiki yawanci gudun wani ɓacin rai ne da aikin zai tayar, ba lalaci ba. A nan me zai tayar? Ko dai lissafi ya nuna jari ya ragu, ko kuma ka kira mutumin da kake jin nauyinsa ka tambaye shi kuɗi. Duk ranar da ka ce "sai gobe" sai ka ji sanyi a ranka nan take, wannan sanyin ne yake koya maka ka sake ɗagewa.

"Zan yi idan na samu lokaci" ba shiri ba ne. Wani masani Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya yi fice da bincike a kan haka, musamman rubutunsa na 1999: wanda ya yanke lokaci da wuri da matakin farko ya fi kusa da cika niyyarsa a kan wanda ya tsaya ga niyya kawai. Ka ce: da na buɗe shago, kafin in shimfiɗa kayan waje, zan ƙirga kanta ta farko daga dama. Takarda da biro ka ajiye su a kan tebur tun yau da yamma. Za ka iya gwada tsarin nan na minti 25 aiki, minti 5 hutu, waya tana aljihun yaro. Kada dai ka ce sai ka sayi sabon littafi ko ka koyi manhajar lissafi ta Excel, wannan ma jan ƙafa ne da ya sa babbar riga.

Hajiya Mai Leshi:
Malama, a yi mini afuwa, minti 25 ɗin nan na ɗan ofis ne. A Kwari wa zai bar ka? Ga mai saye, ga ɗan dako yana neman hanya, ga maƙwabci yana neman canji. Ka zo da wuri kafin layi ya cika, ka saya ƙofa rabi, ka yi kanta biyu ko uku, shi ke nan na ranar. Ko ƙarfi ya zo maka ka tsaya a nan, domin wanda ya yi awa shida rana ɗaya ba ya komawa washegari.

Littafin bashi kuwa, ɗana, kada ka fara da kira. Zauna da biro kala uku ka bi sunayen: waɗanda ka san za su biya, waɗanda sai an bi su, da waɗanda ka fid da rai. Wannan bai wuce zama ɗaya bayan Isha'i ba. Sannan mutum uku a rana, kuma ka fara da masu sauƙin kai. Saƙon WhatsApp ya fi kira sauƙi: sallama, ranar da aka ɗauki kaya, adadin kuɗi, da cewa kana rufe lissafin shekara ne. Wannan jimlar ta ƙarshe tana cire kunya, kowa ya san lokacin zakka ne. Wanda kake jin nauyinsa sosai ka bar shi kwana na uku ko na huɗu, amma ka rubuta ranarsa, in ba haka ba shi zai tsallake zuwa baɗi. Ka kuma ɗauki hoton kowane shafi da waya ka tura wa kanka. Duk wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ya san littafi ɗaya a cikin shago ba ajiya ba ce.

Ɗan Kwari:
Allah ya saka da alheri. Baba, to farashin, na sari zan sa ko na sayarwa? Wasu kayan tun bara suke, rasit ɗin ma ya ɓata.

Tsohon Akanta:
Rasit ba zai tsayar da kai ba. A mazhabar Malikiyya, ɗan kasuwa mai juya kaya kullum irinka yana ƙiyasta su ne da darajarsu a kasuwa ranar lissafi, ba da kuɗin da ya saya ba. Ya haɗa da kuɗin hannu da na banki da bashin da yake sa ran za a biya, idan sun kai nisabi ya fitar da ɗaya bisa arba'in. Batun bashin da ake bin ka da wanda ka fid da rai, ka kai wa malaminka da takardar a hannu, zai fi saurin ba ka amsa idan ya ga lambobi. Sito kuma ka sa shi a ƙarshe, diloli a ɗaure suke, ƙirgarsu ta fi ta kanta sauri.