Hall of Fame: zauren shahara ne ko zauren gwaraza?

Mai Fassara: Assalamu alaikum jama'a. Ina da labarin wasan besbol na Amurka a hannuna, kan Ichiro Suzuki, ɗan Japan ɗin da aka zaɓa a 2025 da ƙuri'a 393 cikin 394. Abin da aka zaɓe shi ya shiga shi ne Hall of Fame, kuma nan na cije. Gini ne na gaske a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Cooperstown a jihar New York, an buɗe shi a 1939. Duk wanda aka zaɓa sai a zuba fuskarsa a allon tagulla, a rubuta ayyukansa a ƙasa, a kafa a bango. Na rubuta "Zauren Shahara" amma bai kwanta mini ba. Ku agaza.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Malam, "shahara" ba za ta yi ba, kuma ga dalili. A duk tarihin besbol wa ya kai Barry Bonds shahara? Sau 762 ya yi bugun nan da suke kira hom-ran, wato a maka ƙwallo ta tsallake katangar fili, babu wanda ya kamo shi a babbar gasar Amurka. Sau 7 yana zama gwarzon shekara. Amma yau ka je Cooperstown ka nemi allonsa, babu. Shekara 10 sunansa na kan takardar zaɓe, a ta ƙarshe, 2022, ya tsaya a kashi 66 cikin 100, alhali 75 ake nema. Roger Clemens mai jifa ma haka, kashi 65 da ɗoriya. Zargin shan ƙwayoyin ƙara kuzari ne ya tare musu hanya. To in shahara ce ke shigar da mutum, da su biyun ne a sahun gaba.

Uwar Biyu: Gaskiyarka. Ko ɓarawon unguwa ma ai ya shahara.

Bakatsine: Ni dai "Zauren Mazan Jiya" na gani. Ai ba a shiga sai mutum ya buga aƙalla shekara 10, ya yi ritaya, an kuma jira shekara 5. Mutum biyar ɗin farko da aka zaɓa a 1936, Ty Cobb da Babe Ruth da Honus Wagner da Christy Mathewson da Walter Johnson, in ba mazan jiya ba su wane ne?

Uwar Biyu: Yaya Bakatsine, to ya za ka yi da Effa Manley? Mace ce, ita ta riƙe ƙungiyar Newark Eagles a gasar baƙaƙen fata lokacin da ba a barin su buga da farare, kuma an shigar da ita a 2006. Ka ce mata mazan jiya? Sannan kunnen Bahaushe in ya ji 'yan mazan jiya, tsofaffin sojoji yake gani da lambobi a ƙirji, ba masu sanda da ƙwallo ba.

Bakatsine: Hajiya, na janye mazan, amma ban janye jiyan ba.

Malamin Hausa: Ku bari mu raba maganar biyu. "Zaure" dai ya zauna daram, kada kowa ya kawo mini "ɗaki" ko "gida". Zaure wuri ne da ba a faɗa masa haka kawai, sai ka yi sallama, an amsa, an yi maka iso. Kuma tsarin nasu ke nan. Marubuta labarin besbol da suka shekara 10 cikin ƙungiyarsu su ne ke jefa ƙuri'a, kowa ba ya wuce suna 10. Wanda bai samu ko kashi 5 ba, an cire shi daga takardar. Kuma ƙa'idar ta ce a duba bajintar ɗan wasa, a kuma duba gaskiyarsa da halinsa. Wannan jimlar ta hali ita ce uwar rigimar duka. Saboda haka kalma ta biyu ce matsalarmu. Ni na fi son "gwaraza". Gwarzo ba wanda aka sani ba ne kawai, wanda aka sallama wa ne. Masu labarin wasanni a rediyo sun riga sun saba mana da "gwarzon ɗan wasa", ba sai an yi dogon bayani ba. Mace ma gwarzuwa ce, jam'in ya ɗauke ta.

Ɗan Fagge: Ranka ya daɗe, ai ka dawo da mu inda muka taso. Bonds ba gwarzo ba ne? Tun kafin a fara zarginsa da komai ya riga ya ci gwarzon shekara sau 3 a farkon shekarun 1990. Pete Rose fa? Sau 4,256 ya yi bugun da suke kira hit, wato ya bugi ƙwallo ya ruga ya tsira, ya fi kowa a babbar gasar Amurka. An kore shi a 1989 saboda caca kan wasanni, ya rasu a 2024 yana waje, sai a watan Mayun 2025 shugaban gasar Rob Manfred ya ce haramcin ya ƙare da mutuwa. Ni in an tambaye ni, Bonds da Clemens su shiga, a rubuta zargin a jikin allon kowa ya karanta. Ai David Ortiz an taɓa ambaton sunansa a batun gwajin ƙwayoyi na 2003, amma a shekararsa ta farko ya wuce. 'Yan jarida na sonsa, ba sa son Bonds, magana ke nan. Shi ya sa na ce "Zauren Karramawa". Karramawa wasu ne ke yi maka, suna iya hana ka ko ka cancanta.

Uwar Biyu: Kan Rose ban yarda da kai ba. Yana kocin Cincinnati Reds yana caca kan wasan ƙungiyarsa, ya musanta har shekara 14 kafin ya amsa a 2004. Dokar cacar nan a manne take a ɗakin canza kaya na kowace ƙungiya. Ya karanta, ya taka.

Malamin Hausa: "Karramawa" ta yi sanyi, ɗan'uwa. Kowane ƙarshen mako ana taron karramawa a otal, a ba mai kuɗi lamba a ci shinkafa a watse. Ba ka ce wa wurin da Jackie Robinson yake, wanda ya karya shingen launin fata a 1947 yana shan zagi daga 'yan kallo, ko Roberto Clemente da ya mutu a hatsarin jirgi ranar ƙarshe ta 1972 yana kai agaji Nikaraguwa, wai wurin karramawa. Shi Clemente ko shekara 5 ɗin ba a jira ba, a 1973 aka shigar da shi. Kuma sunan wuri ba ya alkawarin cewa duk gwarzo na ciki. Yana cewa ne na cikin gwaraza ne.

Mai Fassara: To, na ɗauki "Zauren Gwaraza". Jimlar za ta fita haka: An zaɓi Ichiro Suzuki ya shiga Zauren Gwarazan Besbol, ɗan Japan na farko da ya samu wannan matsayi. Bikin watan Yuli kuma zan kira shi bikin shigarwa. Allah ya saka da alheri.

Ɗan Fagge: Na bi jam'i kan sunan. Amma mutum ɗayan nan da ya hana Ichiro ƙuri'arsa, har yau bai fito ya ce shi ne ba. Haka aka yi wa Derek Jeter a 2020. Mariano Rivera ɗan Panama kaɗai ya taɓa samun duka, 425 cikin 425, a 2019. Waɗannan ne masu tsaron ƙofar da Malam ke yabo.