Ina za mu kai yara wannan vakansi?

Maman Ƴan Biyu: Salamu alaikum ƴan uwa, ina gajiya. Don Allah shawara nike nema, lakwal ta rufe sai Oktoba kuma yaran nan daga tele sai waya, akwai wanda ya san wani wuri nan Yamai da ake koya ma yara zane ko kiɗa ko aikin hannu, a riƙa fita da su kuma suna ganin gari? Ba kwas ɗin vakansi nike nufi ba, lissafi da faransanci sun ishe su haka nan.

Hajiya ta Yantala: Wa alaikumus salam. Ƙanwata ki yi hattara da masu liƙa takarda bakin titi dai. Bara na biya ma jikata kuɗi wani wuri, suka ce zane da wasan kwaikwayo da sorti kowane sati, ashe ɗaki guda ne aka cusa yara ana ba su fensir mai kala, fitar ma sau ɗaya aka yi ta. Kafin ki ba da ko dala ki je ki ga wurin da idonki, ki tambaya manya nawa ke tsaron yaran in an fita.

Malam na Lazare: Ni mai koyarwa ne, abin da nike gaya ma iyaye kullum shi ne ku fara da Muze, gidan tarihi na Boubou Hama, ga shi tsakiyar gari kusa da gadar Kennedy kuma tun 1959 yake nan amma wallahi akwai yaran da aka haifa Yamai ba su taɓa shiga ba. Mutane zaki da dorina da kura kawai suke zuwa kallo su fito. Ku wuce da yara wurin ƙasusuwan dinozor da aka tono jihar Agadez, ku nuna musu iccen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai cikin hamada har mota ta kaɓe shi a 1973 aka kwaso shi aka kawo. Sannan wurin masu sana'a, maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa suna aiki gaban idonka. Na ga yaron da ba ya iya zama minti biyar a aji ya tsuguna gaban masaƙi yana bin ƙoshiya da ido tana kai da komowa, sai da aka ja hannunshi. A ba kowane yaro kaye da fensir ya zana abin da ya gani, in an koma gida ya ba da labari, to ajin zanen ke nan.

Maman Ƴan Biyu: Malam Allah ya saka. To kiɗa fa? Hassana duk kwanon gidan nan ta mai da shi ganga

Malam na Lazare: Ki leƙa CFPM El Hadj Taya, aikinsu ke nan koyar da kiɗa. Sai kuma CCOG, gidan al'adu na Oumarou Ganda, ki je da kanki ki tambayi abin da suka shirya ma yara bana.

Baban Walida: Ba wanda ya ambaci Kure? Raƙuman dawa fa, kilomita 60 ne kawai hanyar Doso, mu muna yara an kai mu.

Hajiya ta Yantala: A'a ɗana, wancan zamani daban. Tun harin da ƴan bindiga suka kai can a Agustan 2020 ni ba ni sa ɗan kowa a mota zuwa daji, ko Bubon wurin masu tukwane ban yarda ba sai hukuma ta ce hanya lafiya. Wadata na nan cikin gari, ƙauyen masu sana'ar hannu, a yi magana da wani baduku ya koya musu ɗinka ƴar jaka a ba shi na goro.

Inna Harobanda: Ku ƙara da maganar damina. Agusta kogi cika yake yi, kar wanda ya ce zai sa yara a kwalekwale don hoto. Fita da safe a dawo kafin azahar, hadarin yamma ba ya sallama. Kuma lokacin palu ne, yaron da jikinshi ya yi zafi a bar shi gida. Ni ranar 3 ga Agusta nike so a haɗa su su dasa icce, kowa da nashi ya riƙa ba shi ruwa har a koma lakwal.

Baban Walida: To na janye Kure. Amma tunda mun kai haka me zai hana mu haɗa namu? Gida goma, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, Malam ya riƙe zane, Asabar a fita. Sassafe kuma ba a taɓa shi ba saboda makarantar allo.

Malam na Lazare: Na yarda, amma da sharaɗi, babba ɗaya kan yara biyar, kuma uwaye biyu su biyo mu kowace fita.

Maman Ƴan Biyu: Ni ta farko. Wa ke da lambar mai Hiyas mai hankali, wanda ba ya gudu?

Inna Harobanda: Maƙwabcina na da Hiyas, bari ya dawo masallaci in tambaye shi kuɗin yini.