Wai Girka Manhaja da Sikirif Kyauta Ne?

Sarkin Sabar: Jama'a ku taya ni ji. Shugaban sashenmu ya ce yadda nake girka manhaja a kwamfutocin kamfani tsohon yayi ne, wai sai an sayi Intune, manhajar Microsoft ta kula da kwamfutocin kamfani ta intanet. Ni kuwa sikirif ɗaya, wato jerin umarni ga kwamfuta, na rubuta na liƙa a Group Policy, tsarin Windows na tura doka ga kwamfutocin kamfani. Duk kwamfutar da ta tashi sai ta ɗauko fayil ɗin MSI, wato ƙunshin girka manhajar, daga sabar (babbar kwamfutar kamfani) ta girka da kanta, tun mai ita bai sa kalmar sirri ba. Da ikon SYSTEM yake gudu, wato cikakken ikon Windows ɗin kansa, ba sai na ba ma'aikaci ikon admin ba. Na faɗa na ƙara, babu hanyar da ta kai wannan, kuma kyauta ce.

Hajiyar Netwok: Kyauta? Oga, Windows Server ɗin da Active Directory, rajistar asusun ma'aikata da kwamfutoci da Group Policy ke dogara da ita, ke zaune a kai tsintarsa kuka yi a hanya? Lasisin CAL, na haɗa ma'aikata ko kwamfutoci da sabar, fa?

Sarkin Sabar: Hajiya, wannan an riga an biya. Ban ƙara wa kamfani ko sisi ba.

Hajiyar Netwok: To ka ce an riga an biya, kar ka ce kyauta.

Ƙaramin Injiniya: Ni dai ina bayan Oga. A hannunsa na koyi aiki, bai taɓa faɗin abin da ba haka ba.

Baba Audita: Yaro, lokacin mutum ma kuɗi ne. Sikirif ɗin tashi duk kunnawa yake gudu. In bai sa masa sharaɗin duba ko manhajar tana nan ba, kullum sai ya sake girkawa. In kuma ya gaza a wata kwamfuta, wa zai gaya masa? Ba rahoto, ba komai, sai dai ya rubuta nasa ko ya bi ofis-ofis. Albashin wannan yawon wa ke biya?

Ɗan Linux: Ku da kuke kan Windows har kuna da bakin maganar kyauta? Ikon Allah.

Hajiyar Netwok: Ga shi nan ya iso. Malam, ko maganar firinta ake yi sai ka kawo Linux.

Ɗan Linux: Gaskiya ce ke da ɗaci. Da Ansible ne, manhajar da muke sarrafa kwamfutoci da yawa da ita lokaci guda, da tuni an wuce wurin.

Ƙaramin Injiniya: Kwamfuta nawa kake riƙe da su, Yaya? Ko dai laftof ɗinka ne kawai?

Ɗan Linux: Lokacin da na fara wannan aiki kai ko linzamin kwamfuta ba ka iya riƙewa ba.

Malama Shiru: Ku yi haƙuri in ɗan sa baki. Oga Sarki, ka duba Fast Startup, saitin saurin tashin Windows? Tun Windows 8 a 2012, in mutum ya kashe kwamfuta ya kunna, ba cikakken tashi take yi ba, don haka sau da yawa sikirif ɗin ba ya gudu sai an yi ristat. Sannan masu laftof da ke aiki daga gida, in VPN ɗinsu, wato hanyar da ke haɗa su da netwok ɗin ofis, sai bayan sun sa kalmar sirri yake haɗuwa, lokacin da sikirif zai nemi foldar sabar babu hanya. Kuma da asusun kwamfutar yake zuwa foldar, ba na ma'aikaci ba, sai an ba Domain Computers, rukunin kwamfutocin kamfani, izinin karantawa. In manhajar babba ce ma, minti 10 Windows ke jira a saitinsa na asali, daga nan ya yanke.

Sarkin Sabar: Malama, duk na san wannan. Maganar da ake yi yanzu ita ce Hajiya ta mai da ni maƙaryaci a gaban jama'a.

Hajiyar Netwok: Subhanallahi, ni ban ce maƙaryaci ba. Cewa na yi ba kyauta ba ce.

Baba Audita: Ai duk wanda ya ce abu kyauta ne, bai ga rasit ba ne.

Ƙaramin Injiniya: Intune ɗin da kuke yabo duk wata ake biya, kan kowane ma'aikaci. Na ji an ce yawancin kamfanoni ma sun fara barinsa.

Hajiyar Netwok: Wa ya ce? Kawo hujja, ƙanena.

Ƙaramin Injiniya: Wani abokina ne, kuma babban ma'aikaci ne.

Ɗan Linux: Abokin nan naka bai gaya maka Group Policy tun Windows 2000 yake ba? Shugabanku bai yi ƙarya ba da ya ce tsohon yayi.

Sarkin Sabar: Linux ɗinka na 1991 ne, ranka ya daɗe. Wa ya fi wani tsufa?

Malama Shiru: Oga, ka dai duba laftof ɗin nan. Ka buga umarnin gpresult ka ga ko dokar ma tana isa gare su.

Ƙaramin Injiniya: To jama'a, tunda ni na riƙe ƙofa yau, bari in tattara. An yarda hanyar Oga tana aiki, babu wanda ya kawo kwamfuta ɗaya da ta ƙi. Hajiya da Baba sun kasa nuna ko sisi da Oga ya ƙara kashewa, don haka kyauta ta tabbata. Malama ta kawo wasu ƙananan gyare-gyare, mun gode. Maganar Linux ba a nan take ba. Na rufe.

Hajiyar Netwok: Wa ya yarda? Buɗe mana, ban gama ba.