Lasisin bindiga a Massachusetts: kwana 70 shiru

Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Massachusetts ta Amurka, inda 'yan sandan garinka ne ke ba da lasisin bindiga. Na yi kwas ɗin koyon riƙe bindiga cikin aminci, na biya dala 100, an ɗauki zanen yatsuna. Sai aka ce in kawo wasiƙu biyu na shaidar hali, alhali abokin aikina a garin da ke maƙwabtaka da mu ko ɗaya ba a nema a wurinsa ba. Na kai. Yau kwana 70 shiru, doka kuwa kwana 40 ta ce. Sau uku ina buga waya, kullum "ana dubawa". Abin ya ishe ni.

Don Allah, jinkirin nan kaɗai ya isa in kai ƙara kotun gunduma, ko sai sun ba ni takardar ƙin amincewa tukuna?