Matsi ne ke yanke hukunci, ko tsohuwar tsaga?

Malamin kimiyyar ƙasa: Jama'a, abin da na faɗa wa ɗalibaina yau a nan Maradi shi ne, duk wanda ya san ta inda matsi ke zuwa wa ɓawon ƙasa a wani yanki, ya san irin girgizar ƙasar da za a yi a wurin. Tun 1905 Anderson, masanin duwatsu, ya bayyana haka. Inda ƙasa ke buɗewa, kamar kwarin Gabashin Afirka, gefe ɗaya na tsagar da ke cikin ɓawon yakan zame ƙasa; inda ake matse ta kuwa, gefe ɗaya yakan hau kan ɗan'uwansa, kuma a nan ake samun mafiya girma, irin ta ƙasar Cile a 1960 mai maki 9.5 a ma'aunin ƙarfin girgizar ƙasa.

Injiniyan gini: Allah ya gafarta Malam, bayanin Anderson ya fi dacewa da dutsen da bai taɓa tsagewa ba, alhali ɓawon ƙasa ya fi kama da ƙwaryar da aka sha ɗinkewa, wadda ko ta ina aka danna ta, wurin ɗinkin take bi. A duba Maroko. Tsagogin duwatsun Atlas sun samo asali ne tun zamanin da ƙasar wurin ke buɗewa, amma da Afirka ta dinga tunkarar Turai sai suka koma aiki a juye, kuma girgizar 8 ga Satumba 2023, mai maki 6.8, ta hawan gefe kan gefe ce.

Malamin kimiyyar ƙasa: To ai ka ba ni hujja, Injiniya. Tsagar tsohuwa ce, amma matsin yau ne ya juya ta.

Ɗalibar jami'a: Malam, ina neman afuwa, shi kansa matsin ba ya zama wuri ɗaya. Bayan babbar girgizar Japan ta 11 ga Maris 2011, wadda ta matsewa ce, an yi wata a kusa da birnin Iwaki na Japan ɗin ranar 11 ga Afrilu, ita kuma ta buɗewa ce. Wata guda kacal tsakaninsu.

Injiniyan gini: Kuma a 2012 an yi mai maki 8.6 a tekun yammacin tsibirin Sumatra na Indonesiya, inda gefe biyu suka gogi juna a kwance, babu wanda ya hau wani.

Malamin kimiyyar ƙasa: Ta Sumatra ba ta kai 9.5 ba, don haka ina nan kan bakana game da mafiya girma. Ta Iwaki kam, ɗiyata, sai na sake duba darasina kafin Litinin.